Daga tallan ƙwai zuwa jami'a: Yadda Amurka ke ba ɗalibai masu sana'a tallafin karatu

Tun bai gama sakandare ba Andrew McKelvey ya fara neman na kansa, yana bin gida-gida da ƙwai a jihar New Jersey ta Amurka. A shekarar 1967 ya kafa kamfanin TMP, wanda da fari aikinsa bai wuce sanya tallan 'yan kasuwa a littafin lambobin tarho ba. Wannan kamfani ne daga baya ya mallaki Monster, shafin neman aiki na intanet da ya yi tashe a ƙarshen shekarun 1990. Da dukiya ta zauna masa, sai ya kafa gidauniya da sunan gidansu, ya fara da ɗaukar nauyin 'ya'yan karkara waɗanda babu wanda ya taɓa shiga jami'a a gidajensu. Daga bisani ya ƙaro wani tallafi na daban, na yaran da suka yi irin ƙuruciyarsa, wato ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare da ke da kasuwancin kansu.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Yakan kai dala 10,000 a kowace shekara har tsawon shekara huɗu, jimilla dala 40,000 ke nan. Amma sharuɗɗan sun fi kuɗin jan hankali. Dole ne ɗalibi ya kasance shi ke da kasuwancin, shi ke kuma tafiyar da shi aƙalla shekara guda. Dole ne a ga kuɗin ciniki suna shigowa. Sannan dole ne yana da aƙalla ma'aikaci ɗaya da yake biya albashi, ban da shi kansa. McKelvey ya rasu a watan Nuwamban 2008, kuma bayan rasuwarsa gidauniyar ta daina karɓar sabbin masu nema, sai dai ma'aunin da ya aza ya nuna yadda irin wannan tallafi ke aiki a ko'ina. Mai bayarwa ba ya zuwa bakin shago ya ga yaro yana ciniki. Yana zaune ne a ofis, takardu a gabansa, don haka wanda zai ci shi ne wanda cinikinsa ya bar sawu a takarda. Nan ne alherin tsarin yake, nan ne kuma rashin adalcinsa.

Abin da ake rububi a kai

Sai an san tsadar karatu a Amurka ake gane dalilin da ya sa yaro zai kwana yana cike fom saboda dala dubu ɗaya. Alƙaluman College Board na zangon karatun 2024 zuwa 2025 sun nuna cewa matsakaicin kuɗin makaranta a jami'a mai zaman kanta ya haura dala 43,000 a shekara. A jami'ar gwamnati kuwa, ɗan jiha yana biyan kimanin dala 11,600, wanda ya fito daga wata jiha kuma sama da dala 30,000. Wannan ban da ɗaki da abinci da littattafai. Bashin karatu da ke kan Amurkawa a dunƙule ya wuce dala tiriliyan 1.6, akwai kuma waɗanda furfura ta cim musu ba su gama biya ba.

A wannan ma'auni, tallafin McKelvey na cikin 'yan kaɗan da suka isa su sauya wa yaro rayuwa. Mafi yawan sauran ƙanana ne. Ƙungiyar masu ƙananan kamfanoni ta Amurka, NFIB, ta fara raba nata tun daga 2003, kuma ta shafe shekaru tana yi, amma galibin waɗanda suka samu dala 1,000 ne ko 2,000 aka ba su, sau ɗaya tak, in ban da gwarzon shekara da ke tashi da dala 10,000 ko fiye. Dala dubu ba za ta biya ko wata guda a jami'a mai zaman kanta ba. Abin da yara ke nema a ciki shi ne sunan, domin sukan sanya shi a takardar neman gurbi, musamman a makarantu irin su Kwalejin Babson da ke jihar Massachusetts, wadda ta yi fice wajen koyar da kafa kasuwanci. Ƙaramin tallafi kan zama tsanin babba.

Inda takardar ke fitowa

Yaron Amurka ba ya ajiye lissafi don ya fi yaron wata ƙasa hankali. Tsari ne ke tilasta masa. A dokar harajin ƙasar, duk mai aikin kansa da ya ci ribar dala 400 ko fiye a shekara wajibi ne ya cike takardar haraji, kuma doka ba ta ce sai baligi ba. Warren Buffett, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya, yana ɗan shekara 14 ya cike tasa ta farko, ta shekarar 1944, a kan kuɗin da ya samu daga rarraba jaridu a birnin Washington. Ya cire kuɗin gyaran agogonsa da na kekensa a matsayin ɗawainiyar aiki, ya biya harajin dala 7. Yaron da ke yankan ciyawar maƙwabta ko yarinyar da ke sayar da ɗinki ta intanet, idan suka bi wannan hanya shekara biyu, sun tara hujjar da babu alƙalin gasar da zai musa.

Har teburin lemon tsami da yara ke kafawa a ƙofar gida lokacin zafi sai da ya kai gaban majalisa. An sha samun jami'an ƙananan hukumomi suna rufe irin waɗannan tebura saboda rashin lasisi, abin ya riƙa jawo surutu, har jihar Utah ta yi doka a 2017, Texas kuma a 2019, suka ce a ƙyale yara su yi cinikinsu. Ƙasar da ake neman lasisi a kan kofin lemo ba za ta rasa rasit ba.

To sai dai wa ke cike wa yaro takardar? Ɗan ƙasa da shekara 18 ba ya ƙulla yarjejeniyar da doka za ta ɗaure shi da ita, shi ya sa asusun banki da rajistar kamfani da inshora duk sai da sa hannun babba. Gidan da uba akanta ne ko uwa lauya, wannan aikin yamma ɗaya ne. Gidan da uwa ke aiki biyu don a biya haya, yaro na iya shekara uku yana yi wa 'yan unguwa aski ko gyaran waya, kuɗi hannu da hannu, yana sayen abinci da su, a ƙarshe ba shi da ko fallen takarda da zai nuna. Sharaɗin ma'aikaci mai albashi ya fi kowanne tsanani. An sa shi ne don a tace masu kasuwancin baka, kuma ya tace su, amma ya haɗa da yaron da ribarsa ke tafiya tukunyar gidansu, wanda bai da rarar da zai ɗauki wani aiki. A ganina kuwa wannan yaro shi ya fi cancanta, domin shi ne wanda in babu tallafin ba zai ga ƙofar jami'a ba.

Akwai waɗanda suka hango wannan giɓi tun da wuri. Steve Mariotti ɗan kasuwa ne da wasu matasa suka yi wa ƙwace a birnin New York a 1981. Maimakon ya guje su, sai ya bar kasuwanci ya koma koyarwa a makarantun unguwannin marasa galihu. A can ya lura cewa yaran da ke barci a darasin lissafi kan farka da zarar an kawo zancen sari da riba. A 1987 ya kafa ƙungiyar NFTE, wadda ke koya wa irin waɗannan yara rubuta tsarin kasuwanci da ajiye littafin shige da fice, sannan ta shirya musu gasa mai kyautar kuɗi. Ƙungiyar Junior Achievement ta girme ta nesa, domin tun 1919 aka kafa ta a Springfield ta jihar Massachusetts. A shirinta, ɗalibai kan haɗu su kafa ƙaramin kamfani, su sayar da hannun jari, su ƙera kaya su sayar, a ƙarshen zango su rushe kamfanin su raba riba su rubuta rahoto. Duk wanda ya duba da kyau zai ga cewa abin da ƙungiyoyin biyu ke ba yaro shi ne takardar da gidansu bai iya ba shi ba. Ciniki kam da yawansu sun riga sun iya.

Dama ta bayar, hagu ta karɓe

Wani hanzari ba gudu ba, kasuwancin da ya jawo wa yaro tallafi yana iya rage masa wani. Agajin gwamnatin tarayya, da na jami'o'i da dama, ana lissafa shi ne da fom ɗin da ake kira FAFSA, wanda ke auna ƙarfin gida. A wannan lissafi dukiyar ɗalibi ta fi ta iyaye nauyi. Abin da yaro ya tara da sunansa ana ɗaukar kashi 20 cikin 100 a matsayin kuɗin da zai iya biya da su, alhali na iyaye bai kai kashi 6 ba. Kuɗin shigarsa kuma, da zarar ya haura kimanin dala 11,000 a shekara, rabin abin da ya ɗoru ake ƙirgawa. Yaron da ya yi tattali ya tara ke nan ya fi wanda ya kashe nasa asara.

Na biyu ya fi ciwo. Jami'o'i da yawa, idan ɗalibi ya ciyo tallafi daga waje, sai su zabge daidai wannan adadi daga agajin da suka yi masa alkawari. Yaro ya sha wahalar gasa, gidauniya ta fitar da kuɗi, amma wanda ya ci moriya ita ce baitulmalin makaranta. Jihar Maryland ce ta fara taka wa wannan ɗabi'a birki a jami'o'in gwamnati a 2017, wasu jihohi kamar New Jersey da California suka biyo baya. A sauran wurare shawarar da ake ba iyaye ita ce su tambayi ofishin agajin makarantar, tun kafin a karɓi gurbi, ko tallafin waje bashin ɗalibi zai rage ko kuwa kyautar da makaranta ta ba shi.

Mai biyan yara su bar karatu

Duk waɗannan masu bayarwa sun yarda da abu ɗaya: yaron da ya iya kasuwanci jami'a za ta ƙara masa. Peter Thiel, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa PayPal, bai yarda ba. A 2011 ya fara da zaɓar matasa 24 'yan ƙasa da shekara 20 yana ba kowannensu dala 100,000 cikin shekara biyu, bisa sharaɗin su ajiye karatu su rungumi abin da suke ginawa. Daga cikin waɗanda suka ci akwai Dylan Field, wanda ya kafa Figma, da Vitalik Buterin na Ethereum. Magoya bayan wannan ra'ayi kan ƙara da Michael Dell, wanda ya fara haɗa kwamfuta a ɗakin kwanansa na Jami'ar Texas a 1984 da jarin dala 1,000, ya kuma bar karatun.

Labarin na da daɗin ji, amma Field daga Jami'ar Brown ya fita, Buterin daga Jami'ar Waterloo ta Kanada, mahaifin Dell kuma likitan haƙori ne. Mutane ne da ke da wurin faɗawa in reshe ya karye. Mai sayar da ƙwai da ya bar makaranta, in kaji suka mutu, ba shi da irin wannan katifa. Shi ya sa na fi ganin hikimar McKelvey, wanda ya ɗaure kuɗinsa da zama a aji.

Abin da ya shafi ɗan Najeriya

Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen tura ɗalibai Amurka, inda adadinsu ya haura 20,000 a zangon 2023 zuwa 2024, don haka ba mamaki iyaye su riƙa cin karo da jerin irin waɗannan tallafi a intanet suna ɗora buri. Gaskiyar ita ce mafi yawansu na 'yan ƙasa ne ko masu izinin zama na dindindin, haka ma agajin FAFSA. Wasu jerin ma na ɗauke da sunayen shirye-shiryen da aka rufe tuntuni. Duk wanda ya ce a biya shi kuɗin fom kafin a shiga irin wannan gasa, a yi hattara da shi.

Akwai dai ƙofofin da ke buɗe. Gasar Diamond Challenge ta Jami'ar Delaware na karɓar ɗaliban sakandare 'yan shekara 14 zuwa 18 daga ko'ina a duniya, rukuni-rukuni na mutum biyu zuwa huɗu, kuma kyaututtukanta a dunƙule sun kai dala 100,000. A nan gida Afirka akwai kyautar Anzisha, wadda makarantar African Leadership Academy ta Johannesburg da Gidauniyar Mastercard suka faro a 2011, don matasa 'yan shekara 15 zuwa 22 da kasuwancinsu ya riga ya fara aiki. Ɗan Najeriya Chris Kwekowe ne ya lashe babbar kyautarta a 2015. Ita Anzisha jari da horo take bayarwa, ba kuɗin jami'a ba. Junior Achievement kuma tana da reshe a Najeriya tun 1999, tana shirya gasar kamfanonin ɗalibai ta ƙasa, waɗanda suka yi nasara su wakilci ƙasar a ta nahiya.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa wa yara ba: bizar karatu ta F-1 ba ta ba ɗalibi damar buɗe shago a Amurka. Aikin da aka yarje masa kai tsaye shi ne na cikin harabar makaranta, awa 20 a mako lokacin karatu, sauran sai da izini na musamman. Sana'ar da ta kai yaro can, in ya ci gaba da ita a can ba bisa ƙa'ida ba, ita za ta iya dawo da shi gida.

Kantin Kwari ba ta ba da rasit

Idan yawan yara masu sana'a ne ma'auni, da Arewacin Najeriya ba ta da na biyu. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da Banex a Abuja akwai 'yan sakandare da ke cire yunifom da azahar su zauna teburin gyara. Akwai masu ɗinkin hula, da 'yan mata masu lalle da turaren wuta da cincin, da masu kiwon kaji a bayan gida, da yaran shago a Kantin Kwari da suka san farashin kowace atamfa da ka. Kusan babu ɗayansu da zai tsallake sharuɗɗan McKelvey. Jarin na adashe ne, lissafin a ƙwaƙwalwa yake, ribar kuma takan wuce hannun uwa ko maigida kafin magariba.

Dole a rarrabe abu biyu a nan. Yarinyar da aka ɗora wa faranti aka tura tasha lokacin da 'yan uwanta ke aji ba 'yar kasuwa ba ce, aikatau ake sa ta, kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana amfani da yara wajen talla a manyan tituna. Duk tallafin da zai yi wa wannan ado da sunan kasuwanci ya zama cuta. Wanda ake magana a kai shi ne yaron da ke zuwa makaranta, sana'ar kuma tasa ce.

A takarda gwamnati ta daɗe da sanin muhimmancin abin. Manhajar babbar sakandare da hukumar NERDC ta fitar a 2011 ta ƙunshi darussan sana'a 34, aka wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. A makarantu da dama an koyar da su ne a allo, babu keken ɗinki, babu tafkin kifi, yaro ya haddace ya rubuta WAEC ya manta. Abin ban takaicin shi ne ɗalibin da ke gyara waya da hannunsa kullum ba ya samun ko maki ɗaya a kan hakan. Ta fuskar doka kuma, dokar kamfanoni ta 2020 ba ta bar ɗan ƙasa da shekara 18 ya shiga kafa kamfani ba sai da manya biyu a cikin masu sa hannu. Gidauniyar Tony Elumelu, mai ba da jarin dala 5,000 tun 2015, daga shekara 18 take ɗauka. Asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 rance yake bayarwa, marar ruwa, ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ya rage wa gidaje da yawa nauyi, amma bai tambayi ko ɗalibi ya taɓa sayar da ko allura ba. Tsakanin darasin sana'a na sakandare da jarin manya, akwai fili fetal da babu kowa a ciki.

Attajirin Kano ko Sakkwato da ke son cike wannan fili ba ya buƙatar dala 40,000. Kuɗin rajistar shekara a jami'ar tarayya, duk da ƙarin da aka yi tun 2023, bai kai kuɗin wata guda a jami'a mai zaman kanta ta Amurka ba. Abin da zai ba shi wahala shi ne hujja, kuma a nan bai kamata ya kwafo ta Amurka ba. Takardar haraji da ma'aikaci mai albashi za su miƙa tallafin ne ga 'ya'yan masu hali da ke makarantun kuɗi na Maitama, waɗanda iyayensu za su iya yi musu rajista da CAC cikin mako guda. Muna da tamu shaidar. Shugaban layi a kasuwa ya san yaron da ke buɗe teburi kullum da wanda aka aro don hoto. Uwar adashe ta san wadda ba ta taɓa fashin zubi ba. Shugaban makaranta na da rajistar halarta. Ga kuma sabon abu: yanzu da ciniki ya koma tiransifa da na'urar POS, ko mai shayi yana da tarihin kuɗin da suka shigo masa a waya, kwanan wata da adadi. Idan aka haɗa waɗannan da littafi mai fallaye arba'in da malamin darasin sana'a zai riƙa dubawa yana sa hannu duk ƙarshen wata, daga aji huɗu zuwa aji shida, yaro zai fito da lissafin wata talatin da wani abu, fiye da ninki biyu na shekara gudan da McKelvey ya nema.